Ɗalibai na zube mana tun daga aji ɗaya: ina za mu sa ɗan kuɗin da aka ware?

Malamar_Lissafi

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta fito da ni.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da lissafi ga 'yan aji ɗaya a wata jami'a, irin kwas ɗin nan da duk ɗalibin kimiyya sai ya bi ta cikinsa ko yana so ko ba ya so. A farkon wannan zangon shugaban tsangayarmu ya sa ni cikin kwamitin da zai duba dalilin da ya sa ɗalibai ke zubewa tsakanin aji ɗaya da aji biyu. An ware mana ɗan kuɗi na shekara guda. Ba wani abin a zo a gani ba ne. In aka ce a ɗauki ma'aikata da shi, albashin mutum biyu zai biya, shi ke nan.

Kafin zamanmu na farko na yi abin da ya kamata a ce na yi tun tuni. Na ɗebo jerin sunayen ɗalibaina na shekara uku, na zauna da jan biro ina sa alama a kan duk wanda ya zauna gwajin farko amma bai dawo aji biyu ba, sannan na rubuta makinsu a gefe. A zatona waɗanda lissafi ya gagara zan gani. Akwai su, ban musa ba. Amma fiye da rabi masu matsakaicin maki ne, wasu ma suna cikin na gaba-gaba. Sai na bi lambobin wayar da ke fayil ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha huɗu suka ɗauka.

Ɗaya daga ciki yaro ne da ba zan manta da shi ba, don shi ne ya taɓa miƙewa ya gyara min kuskure a allo, kuma shi ke da gaskiya. Ya ce ya biya mafi yawan kuɗin zango na biyu, abin da ya rage bai kai kuɗin littafi biyu ba, wa'adi ya cika aka rufe masa rajista. Na ce, "Me ya hana ka zo ka same ni?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malama, ban san ana zuwa ba." Har yanzu wannan amsar tana min yawo a ka.

Wata yarinya kuma gwajin farko ne ya kayar mata da gaba. Ta ci 9 cikin 30, ita da ba ta taɓa wuce ta uku ba a sakandare. Ta yanke wa kanta hukunci cewa jami'a ba wurinta ba ce, ta janye jiki a hankali, ba wanda ya lura. Ni ma ban lura ba, a ɗakin da ke cin mutum ɗari huɗu. Ba ta san kusan rabin ajin abin da suka ci ke nan ba, kuma yawancinsu sun haye a ƙarshe. Mutum uku aikin dare suke yi. Biyu ba kwas ɗin da suka nema aka ba su ba, ba su kuma san akwai fom na canja sashe ba. Kusan dukansu su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a.

Yanzu kan kwamiti ya rabu uku. Shugabanmu manhaja yake so a saya, wadda za ta riƙa bin sawun maki da zuwa aji tana tura wa ɗalibi saƙo in ya fara tangaɗi. Wani abokin aikina ya ce a buɗe ajin share fage na zango guda ga duk wanda ya zo da rauni a lissafi. Ni hankalina ya fi kwanciya da asusun agajin gaggawa, amma ana ce min kuɗin za su ƙare cikin wata biyu, kuma ba a rasa maƙaryata.

Don Allah wanda ya san abin da aka gwada a wani wuri ya yi aiki, ba wanda aka rubuta a takardar talla ba, ya taimaka mana. Akwai kuma ta biyu da ke ci min rai. Ko mun riƙe su sun gama, ina ganin 'ya'yan masu hali suna samun aiki cikin 'yan watanni, 'ya'yan marasa ƙarfi masu irin sakamakonsu ko fiye suna shekara biyu suna yawo da takardu. In haka ne, me muka gyara?

Tsohon_Ɗan_Rajista

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan kiran wayar. Shekara ashirin da shida na yi a ofishin rajista kafin na yi ritaya, malaman da suka taɓa tako ƙafa suka tambaye ni ina ɗalibi wane ya shiga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Bari in fara da manhajar, don na san inda shugabanku ya jiyo labarinta. Jami'ar Jihar Jojiya ce da ke Atlanta a Amurka, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. A 2003 kashi 32 cikin 100 ne kawai ke kammala digiri a cikin shekara shida. Bayan shekara goma sha biyar sun haura kashi 50, tazarar da ke tsakanin baƙar fata da farar fata kuma ta rufe. A 2012 suka kafa tsarin da ke duba bayanan kowane ɗalibi kullum yana neman alamomin haɗari fiye da 800: wanda ya yi rajistar kwas ɗin da ba na sashensa ba, wanda ya tsallake da ƙyar a kwas ɗin da sauran karatunsa zai doru a kai, da makamantansu. A nan masu tallar manhaja ke tsayawa. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne jami'ar ta ɗauki sabbin masu ba da shawara 42, kuma ƙa'idarsu in alama ta fito a nemo ɗalibin cikin kwana biyu. Na'ura nuni take yi, mutum ne ke zama da yaron. In kun sayi mai nuni ba ku da mai zama, ƙararrawa kuka rataya a gidan da ba kowa.

Saƙon waya shi kaɗai kuwa an gwada shi har an gaji. Philip Oreopoulos da abokin aikinsa sun shafe shekara biyar suna gwada saƙonni da nasiha ta intanet a kan ɗalibai kusan 25,000 a Jami'ar Toronto ta Kanada, a 2019 suka fito suka ce ba su ga wani canji na kirki ba a maki ko a ci gaba da karatu.

Asusun da kike so, ita ma Jojiyar tana da shi tun 2011. Sun lura duk zango ana cire ɗalibai kusan dubu daga rajista saboda bashin da bai taka kara ya karya ba, da yawansu 'yan ajin ƙarshe. Sai suka fara cike musu giɓin, a matsakaici kamar dala 900 ga kowane. Ki lura da yadda suka yi shi: ɗalibi ba ya cika fom, ba ya zuwa ya yi kuka gaban kowa. Jami'ar ce ke duba littafinta ta ga wanda karatunsa ke tafiya daidai amma ɗan bashi ya tare shi, ta zuba kuɗin kai tsaye a asusun makarantarsa. Wannan ya yi maganin maƙaryatan da ake tsorata ki da su, ya kuma yi maganin yaronki da bai san ana zuwa ba. Jami'ar ma ba asara ta yi ba, don yaron da aka riƙe da ɗan kuɗi kaɗan zai biya na zango mai zuwa da na bayansa.

Amma hujja mafi ƙarfi da na sani ita ce ta shirin tallafa wa ɗalibai mai suna ASAP na Jami'ar Birnin Niyok, wanda aka fara a 2007 a kwalejojinta na shekara biyu. An jefa ƙuri'a ne tsakanin ɗalibai kusan 900, rabi suka shiga shirin, rabi suka bi tsarin da aka saba, don kada a ce dama haziƙai aka zaɓa. Bayan shekara uku, kashi 40 na 'yan shirin sun kammala, ɗaya ɓangaren kashi 22. Da aka maimaita a jihar Ohayo aka samu 35 da 19. Me ke cikin na Niyok ɗin? An cike musu ragowar kuɗin makaranta, an ba su littattafai da katin shiga jirgin ƙasa da bas, an ba kowane mai ba da shawara ɗalibai 60 zuwa 80 a maimakon ɗaruruwa, ɗalibi kuma dole ya ga mai shawararsa sau biyu a wata. Katin sufurin ma sai ka cika sharuɗɗan ake ba ka. Duk a haɗe aka yi, shi ya sa ya yi tsada. Amma da aka raba kuɗin da adadin waɗanda suka fita da takarda, sai ya zama ya fi tsohon tsarin araha.

Kuɗinku ba zai yi wannan ba. Da ni ne, mutum ɗaya zan ɗauka wanda ba shi da wani aiki sai 'yan aji ɗaya, sauran in zuba a asusun. Akwai kuma wanda ba ya cin ko sisi: ku nemi ofishin kuɗi ya ba ku sunayen masu ragowar bashi mako biyu kafin a rufe rajista. Jerin nan yana nan kullum, ni na sha bugawa. Bayan an rufe ake nema, ihu bayan hari.

Na_Dawo_Aji

Malama, ni ina cikin irin mutanen da kika kira, sai dai ni ba wanda ya kira ni. Na bar karatu a tsakiyar aji biyu lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo, na yi shekara huɗu ina aikin lodi a wani ɗakin ajiyar kaya, yanzu na dawo ina ajin ƙarshe.

Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da ku malamai ba kwa gani saboda ofishinku na nan kusa: jadawalin lakca. Lokacin da nake haɗa aiki da karatu, ranar Talata ina da lakca ƙarfe takwas na safe, ta biyu ƙarfe huɗu na yamma, ba komai a tsakani. Kwana huɗu a mako haka suke a warwatse. Wane mai aiki ne zai ɗauke ka a haka? Sai dai na dare. Ka tashi aiki da asuba, ka zauna a benci na baya idonka a buɗe amma ba ka nan. Da an haɗa mana lakcocin safe a jere, ko an tattara su a kwana uku, wallahi da ban tafi ba. Wannan ba kuɗi yake nema ba, wani ne kawai zai haƙura da lokacin da ya fi masa daɗi.

Sai maganar dawowa. Fita minti ɗaya ce, ka daina zuwa shi ke nan. Dawowa ta ci min wata bakwai. Wannan ofis ya ce sai na biya tsohon bashi kafin a buɗe fayil ɗina, wancan ya ce sai an buɗe fayil kafin a faɗa min nawa ne bashin. Wata baiwar Allah ce a sashenmu ta ɗauki takarduna da hannunta ta zaga da su, ba don ita ba da na haƙura. Shekarun nan huɗu kuma da takardar sakandare nake neman aiki, shekara ɗaya da rabin da na yi a jami'a ba wanda ya lissafa min ita, bashin ne kawai ya biyo ni.

Ajin share fagen nan kuma don Allah a yi hattara. Yaron da ke shakkar ko wurin nasa ne, ka ce masa ya je ajin masu rauni, ka tabbatar masa da abin da yake tsoro, ka kuma ƙara masa zango guda na kuɗin da ba shi da su.

Mai_Bin_Diddigi

Ranki ya daɗe, kowa ya kama tambayarki ta farko, ni ta biyun ce ta tsaya min. Tattalin arziki na karanta, kuma ina da tababa kan duk shirin da ma'auninsa kawai yawan waɗanda suka gama ne. Lamba ce mai sauƙin kumburawa. Ka sassauta jarrabawa, ta hau. Ka daina ɗaukar 'ya'yan talakawa, ta hau. A 2016 sai da shugaban wata jami'a a jihar Maryland ya sauka daga kujerarsa bayan an bankaɗo shirinsa na sallamar 'yan aji ɗaya masu tangaɗi tun da wuri, kafin ranar da ake ƙirga su, don alƙaluman makarantar su yi kyau. Manhajar da ke gano mai rauni don a taimake shi ita ce dai za ta gano shi don a rabu da shi.

A 2017 Raj Chetty da abokan aikinsa sun haɗa bayanan haraji da na karatu na mutum sama da miliyan 30 a Amurka, suka yi wa kowace jami'a tambaya biyu. Nawa ne cikin ɗalibanki suka fito daga gidajen da ke kashi 20 na ƙasa a samun kuɗi? Cikinsu kuma nawa suka kai kashi 20 na sama bayan sun girma? Malamar lissafi ce ke, kin san abin da ke faruwa in aka ninka babbar lamba da 'yar mitsitsiya. Manyan jami'o'in nan masu suna, kusan kashi 60 na talakawan da suka shiga suna kaiwa sama, amma talakawan ba su kai kashi 4 na ɗalibansu ba. Har akwai jami'o'i 38 da 'ya'yan kashi 1 na sama suka fi na kashi 60 na ƙasa yawa a cikinsu. Wadda ta zo kan gaba kuwa Jami'ar Jihar Kalifoniya ce reshen Los Angeles, da ba kowa ya san ta ba: kashi ɗaya cikin uku na ɗalibanta daga ƙasa suka fito, kusan kashi 30 cikinsu suka haye, wato kimanin mutum 10 cikin kowane ɗalibi 100. Saboda haka ku raba alƙalumanku. Kada ku ce "kashi kaza sun gama", ku ce 'ya'yan wa suka gama, kuma ina suke bayan shekara uku.

Abin da kike gani na yawo da takardu kuwa ba idonki ba ne. Seth Zimmerman ya bibiyi waɗanda suka samu gurbi da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar a sassan kasuwanci, injiniya da shari'a na manyan jami'o'i biyu na ƙasar Chile. Shiga wurin ya ƙara damar zama shugaban kamfani ko shiga sahun manyan masu kuɗi sosai, amma ga maza waɗanda suka fito daga makarantun sakandare masu tsada kaɗai. Mata da 'yan sauran makarantu, aji ɗaya, malami ɗaya, takarda ɗaya, ba su samu wannan ƙarin ba. Alamu sun nuna abota ce ke aikin: 'yan gida ɗaya ne ke jan junansu zuwa kujeru. Digiri yana kai ka bakin ƙofa, amma wani ne a ciki ke cewa "na san shi".

Maganin da na fi yarda da shi tsoho ne. A 1906 Herman Schneider ya fara wani tsari a Jami'ar Cincinnati inda ɗaliban injiniya ke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta, kuma ana biyansu. Jami'ar Waterloo ta Kanada a kan wannan tsarin aka gina ta tun 1957. Kalmar "ana biyansu" ita ce ƙashin bayan abin. Sanin makamar aiki na kyauta ɗan mai hali ne kawai zai iya, don shi akwai mai ɗaukar nauyinsa. Wanda ake biya yana ba ɗan talaka abu uku a lokaci guda: kuɗin zango mai zuwa, layi ɗaya a takardar neman aiki, da mutumin da zai ɗaga waya ya yi masa shaida.

Tsohon_Ɗan_Rajista

Ɗana mai bin diddigi, ban ƙi ta taka ba, amma sai an haye kogi ake maganar kasuwar tsallake. A Amurkan da kake kawo misali, mutum kusan miliyan 40 ne suka taɓa shiga jami'a suka fita ba takarda, kuma waɗanda suka fi kasa biyan bashin karatu ba masu babban bashi ba ne, waɗanda ba su gama ba ne. Ka ji dai abin da ɗan'uwanka na sama ya ce. Kwamitin Malama na shekara ɗaya ne, a bar ta ta toshe ɓarakar da ke gabanta.

Anti_Mai_Kimiyya

'Yar'uwa, ni sinadarai nake koyarwa, irin ajinki ne da ni, don haka ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk shawarwarin nan a wajen aji suke. Yarinyar da ta ci 9 cikin 30 a cikin ajinki ta ɓace, ba a ofishin kuɗi ba.

A tsakiyar shekarun 1970 Uri Treisman ya so ya gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa lissafin aji ɗaya a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, alhali 'yan asalin Sin na haye shi. Malamai sun ce raunin sakandare ne, ko rashin himma. Ya bi mutum 20 daga kowane ɓangare yana kallon yadda suke karatu. Sai ya tarar duka suna da himma, bambancin shi ne na farkon kowa shi kaɗai yake fama a ɗakinsa, na biyun kuwa bayan kowa ya yi nasa sai su haɗu su duba aikin juna. A nan suke gane cewa tambayar da ta gagare su ta gagari kowa. Abin da ya kafa daga baya ba ajin masu rauni ba ne. Zaman rukuni ne da tambayoyi masu wuya fiye da na aji, aka kuma gabatar da shi a matsayin na haziƙai. Sakamakon yaran ya tashi.

Ni na ɗauki wannan. Ina yanka lakcata gida uku, bayan kowane kashi in jefa tambaya, kowa ya amsa shi kaɗai, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Hayaniya kam akwai, shekarar farko har ƙarata aka kai. Amma a 2014 Scott Freeman da abokansa sun tattara bincike 225 na azuzuwan kimiyya da lissafi, suka samu masu faɗuwa kusan kashi 34 a ajin da malami ke zuba shi kaɗai, kusan kashi 22 a inda ɗalibai ke aiki a cikin aji.

Abokin aikinki mai ajin share fage kuma ki ba shi labarin jihar Tenesi. A 2015 kwalejojinta suka daina tsare ɗalibi a ajin share fage, suka sa shi a kwas ɗin ainihi tare da ƙarin darasin tallafi a gefe a zango ɗaya. Masu cin kwas ɗin lissafin a shekarar farko suka tashi daga kusan kashi 12 zuwa sama da 50. Ba don share fagen ba ya koyar da komai ba ne, mutane ne ke zubewa a hanya kafin su iso ajin gaske.

Kuma ki riƙa nuna musu yadda makin ajin duka ya kasance bayan gwajin farko. Minti biyu ne.

Malamar_Lissafi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, maganarki ta yi min zafi, sai da na rufe kwamfuta na tashi. Da na huce na ga ba abin da kika ƙara. Shekara goma sha ɗaya ina liƙa maki da lambar rajista a allon sanarwa ban taɓa tsayawa na ce musu "ga inda yawancinku kuka faɗo, ga kuma inda irinku suka ƙare bara" ba. Gwajin wannan zangon na mako mai zuwa ne, zan yi.

Jiya muka zauna. Manhajar ba ta mutu ba, an dai ɗage ta, don da na tambayi wa zai zauna da yaran in ta yi nuni, kowa ya kalli na kusa da shi. An amince da ɗaukar mutum ɗaya da kuma asusun, a kan tsarin da Baba ya kawo, ba fom ba roƙo. Abokin aikina bai saki ajin share fagensa ba, amma ya yarda a gwada darasin tallafi a gefe ga rukuni biyu, 'yan ajin ƙarshe su jagoranta a biya su ɗan wani abu. Maganar jadawali ita ce ta fi tayar da ƙura, ɗan'uwa Na_Dawo_Aji, fiye da ta kuɗi nesa ba kusa ba. Wani babba ya ce shekara goma sha biyar yana lakcarsa ƙarfe huɗu. An miƙa ta ga wani kwamitin, ka san ma'anar wannan.

Na je ofishin kuɗi da kaina. Ma'aikaciyar ta buga min jerin cikin minti biyar, ta ce ba wanda ya taɓa nema kafin a rufe. Sunaye 63 daga tsangayarmu, 11 ɗalibaina ne na yanzu, ɗaya a bencin gaba take zama.

Mai_Bin_Diddigi, taka ce ban san ta inda zan kama ba. Na nemi a ba ni bayanin inda ɗalibanmu suke bayan sun gama, aka ce ba a ajiye irin wannan. Na fara da abin da ke hannuna, na rubuta wa tsofaffin ɗalibaina tara da na san suna aiki, na tambaye su ko wurin aikinsu zai ɗauki ɗalibi ɗaya na wata uku da ɗan albashi. Biyu sun amsa, ɗaya ya ce zai ɗauka amma ba biya. Ban ba shi amsa ba tukuna. In akwai wanda ya taɓa shawo kan masu kamfani su biya ɗalibi, ina son jin da wace magana ya shige su.

Yaron da ya gyara min kuskure a allo zai zo ofis ranar Laraba. Fom ɗin dawowa na kan teburina, shafi huɗu ne, ni kaina sai da na karanta sau biyu kafin na gano inda ake sa hannu.